Gola a Bakin Riga Goma Sha Huɗu

Gummi,
9 ga Janairu, 2002.

Zuwa ga Yaya Lirwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, tun da na gama firamare bara ban ƙara riƙe biro ba sai yau. Sa'idu direba zai kawo maka wannan takarda.

Yaya, an ci mu huɗu da nema a Bukkuyum. Huɗu! Tun da na yi wayo ban taɓa jin an zuba wa kulob ɗinmu na Guguwa huɗu ba, sai da ka bar raga. Baba Makau manaja ya sa ɗan ƙanwarsa Bilyaminu a gurbinka. Ranar atisaye na hau turmi na leƙa fili ta saman katanga kamar yadda na saba. Wallahi in bal ta taho rufe ido yake yi. Sagir kuma, lamba taran da ya zo mana daga Anka, gudu biyu zai yi ya tsaya ya riƙe ƙugu.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Ka san teburin Sambo mai shayi yana jingine da katangarmu, duk abin da aka faɗa ina ji ina wanki. Jiya Baffa Dikko ya ce, "Ni dai laihin manaja nika gani. Wa ka sakin gola ana tsakiyar neman kofi?"

Sambo ya ce, "Sakinai anka yi? Gudu yay yi! Makau da bakinai yag gaya min, yaron ya tsere ko sallama babu. Mutanen kulob ɗin Walƙiya na Anka sunka nuna mai tsire da lemu, sai ya bi su kamar akuya ta ga dusa."

Wani da ban gane muryarsa ba ya ce, "Bar shi ya zo Sallah, mu ka tarbo shi tasha." Suka yi dariya, amma ba irin ta wasa ba.

Yanzu an daina ce maka Gola, Ɗan Tsire ake cewa. A bakin rijiya Basma ta kira ni ƙanwar Ɗan Tsire a gaban kowa. Na ɗauki ruwana na taho, ka san halina. Sai da na dawo gida na tuna amsar da ya kamata in ba ta.

Baba Makau kuwa yabo yake sha, don ya kawo sababbin riguna koraye goma sha huɗu, ya ce daga Sakkwato ya yo su. Har yanzu ni ke wanke wa kulob kaya. Ana cewa manaja yana ƙoƙari, gola ya ci amana.

Don Allah ka faɗa min gaskiya. Gudu ka yi?

Inna tana lafiya. Ka huta lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Zaliha.

Anka,
15 ga Janairu, 2002.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na yi dariya har maigidana ya ce ko aljanu ne. Ashe dai kina da baki, biro kawai kike jira. Ki riƙa sauka daga turmin nan kafin ki karye a ce ni na ja.

Ina nan lafiya. Da safe ina shagon faci, da yamma ina raga. Wasa uku ba a ci ni ba. Maganar tsire, da an ba ni ai da na aiko miki da tsinke ɗaya.

Ki bar Sambo ya yi ta zuba, aikinsa ke nan, shayi da surutu. Shi kuma Baba Makau ki tuna shi ya fara sa ni a raga ina ɗan shekara goma, kuma shi ya tsaya a kan komai ranar da Babanmu ya rasu. Abin da ya faɗa ya faɗa. Ba ni zan ƙaryata shi a gari ba, ke ma ba ke ba.

Sallar bana ba zan samu zuwa ba, aiki ya yi yawa. Ki gaida Inna, ki ce ta yafe min.

Yayanki,
Lirwanu.

Gummi,
24 ga Janairu, 2002.

Zuwa ga Yaya Lirwanu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Wane aiki ne zai hana mai faci zuwa gida Babbar Sallah? Tasha kake tsoro, ka faɗa kawai. Na karanta wa Inna takardarka. Ka san ba ta kama sunanka balle ta yi maganarka, kai ne ɗan fari. Cewa kawai ta yi, "To," ta tashi ta shiga ɗaki, ta bar dawa a faifai kaji suna ci.

Tambayar da ka ƙi amsa min, wanki ya amsa min ita.

Tun ranar da aka fara kawo min rigunan nan na ga hammatarsu ta riga ta koɗe. Na ce a raina wace irin sabuwar riga ce wannan. Kowace riga akwai farin ƙyalle da aka ɗinka a ƙirji, an rubuta GUGUWA da fenti. Shekaranjiya ina cuɗa lamba biyar, zare ya tsinke, ƙyallen ya ɗago. Yaya, a ƙarƙashinsa an rubuta WALƘIYA ANKA. Na ɗaga sauran sha ukun ɗaya bayan ɗaya a rana, duk rubutun yana nan a ciki.

Wato kwancen 'yan Anka muke sawa muna tutiya! Makon da ka tafi, a makon riguna suka zo, a makon Sagir ya zo. Firamare kawai na yi amma na iya haɗa wannan. Musayarka aka yi. Mutumin da ya kama fenariti biyu a wasan ƙarshe bara, shi aka bayar a bakin tsumma da mai riƙe ƙugu, don a samu wurin sa Bilyaminu. To, in ma an yi, manaja ne, a ce ya yi kuskure. Amma don me zai ce gudu ka yi? Shi ya ci yabo, kai ka ci zagi?

Na zauna a gindin baho ina kuka, kumfa tana shiga min ido. A bayan katanga Sambo yana cewa, "Manaja irin Makau sai an tona. Dubi riguna, sai ka ce 'yan wasan Legas!" Baffa Dikko ya ce, "Riga ba ta kama bal, Sambo." Na so in ɗaga murya. Sai kawai na koma kan wankina.

Na mayar da kayan, ƙyallen lamba biyar na ninke shi na sa a saman ƙunshin. Ban ɗinke ba. Baba Makau ya gani ya san na gani.

Ka ba ni izini in gaya wa Baffa Dikko.

Ƙanwarka,
Zaliha.

Gummi,
4 ga Fabrairu, 2002.

Zuwa ga ɗiyata Zaliha,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, da fatan kina lafiya ke da mahaifiyarki. Na rubuto ne don kada a gan ni ina magana a ƙofar gidanku mutane su yi ta tambaya.

Na ga saƙonki a saman kaya. Ɗiyata, tafiyar da kulob ba wanki ba ne. Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da Guguwa. Yaranmu sun fita fili da riguna kala uku ana yi mana dariya a Bukkuyum, ba wanda ya kawo ko zare. Abin da na yi, don gari na yi shi. Yayanki ya fahimta, shi ya sa ya riƙe bakinsa. In an gama gasar kofi ni da kaina zan gyara maganar.

Ranar Asabar 'yan Bukkuyum za su zo mana. Ga rigunan nan an kawo. Ki wanke, ki mayar da ƙyallen lamba biyar yadda yake, ɗinki mai ƙarfi. Na san ke yarinya ce mai kunya, irin tarbiyyar marigayi aminina. Kada ki ba ni kunya.

Naki uba,
Makau,
Manajan Guguwa.

Gummi,
11 ga Fabrairu, 2002.

Zuwa ga Yaya Lirwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Sa'idu ya ce min ka karanta takardata ka ce a gaya min in yi shiru. To na yi shiru. Ga abin da ya faru ina shiru.

Baba Makau ya aiko min da takarda in ɗinke ƙyallen. Na rasa yadda zan yi, sai na karanta wa Inna ita, na nuna mata lamba biyar. Ta daɗe tana kallon rubutun, ita da ba ta karanta boko. Ta ce, "Mi anka rubuta?" Na gaya mata. Ta ce, "To."

Ranar Asabar da hantsi na ɗauko allura da zare. Inna ta zo ta zauna a tabarma, ta jawo ƙunshin rigunan. Ta juya ɗaya ta ce, "Wanga wane tela ne? Ɗunkin bai yi kyau ba. Miƙo min reza." Yaya, ɗaya bayan ɗaya ta farke su, duk goma sha ukun da suka rage. Ba ta yi gaggawa ba, har zaren da ya maƙale sai da ta tsince. Na ce, "Inna, Baba Makau fa?" Ta ce, "Wanki anka ba ki, kin yi. Ninke." Ta kwashe ƙyallayen ta tura su a murhu ƙarƙashin tukunyar wake.

Bayan la'asar Nuraddeen kyaftin ya zo ya karɓi ƙunshin. Na hau turmi. Fili ya cika, har da mutanen Bukkuyum mota biyu. A gindin darbejiya suka kwance kayan, kowa ya zura tasa ba tare da ya duba ba. Sai da suka jeru, sannan 'yan Bukkuyum suka fara ihu, "A'a! Da Gummi munka zo wasa ko da Anka?"

Sambo ya baro shayinsa a wuta ya matsa gaban Nuraddeen, ya sa yatsa yana karantawa da ƙarfi. Ya juyo ya ce, "Makau, Sakkwato ta koma Anka ne?"

Baba Makau ya ce kuskuren masu shago ne. Sai Sagir, Allah Ya yi masa albarka duk da ba ya gudu, ya duba ƙirjinsa ya ce, "Wane shago? Ai wagga rigata ce ta da, ga inda na ƙone ta da dutsen guga. Ni da su mota guda anka kawo mu. Mu anka ba da, anka ɗauki gola. Ashe ba ku sani ba?"

Baffa Dikko ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Gola guda a bakin riga sha huɗu. Makau, ko raga ba ka ce su ƙara maka ba?" Nan fa aka ɓarke. Wasu suna cewa a sauke manaja, wasu suna cewa shekara sha ɗaya ba wasa ba ce, a yi masa uzuri. Nuraddeen ya tuɓe rigar ya ajiye a ƙasa, sauran suka bi shi. Da singileti aka buga wasan. An ci mu uku. Baba Makau ya zauna shi kaɗai a benci har aka tashi. Na ɗan ji tausayinsa, sai na tuna Ɗan Tsire, tausayin ya tafi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne jiya. Sambo yana cewa, "Ni dama na san yaron nan ba ya cin amana, tun yana ƙarami nika faɗi." Ban san lokacin da na ce ta bayan katanga ba, "Akuya ta ga dusa fa?" Na gudu ɗaki na rufe fuska, har yanzu kunya nake ji.

Yanzu sai ka faɗa min wane aiki ne ya rage.

Ƙanwarka,
Zaliha.

Anka,
16 ga Fabrairu, 2002.

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Ke da Inna kun gama da ni. Ban ji daɗin abin da ya samu Baba Makau ba, kuma in na sauka gidansa zan fara zuwa in gaishe shi, kada ki ce komai. Zan zo ranar jajibere a motar Sa'idu.

Jiya Nuraddeen da Sambo suka zo har shago. Sun ce in dawo raga kafin wasanmu da ku bayan Sallah, za su roƙi Walƙiya su sake ni. Sambo har da hawaye. Ban ba su amsa ba. Ke da kika fi kowa son Guguwa, me kika gani?

Yayanki,
Lirwanu.

Gummi,
18 ga Fabrairu, 2002.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka zo Sallah, an share ɗakinka.

Raga kuwa kada ka dawo. 'Yan Anka sun karɓe ka da mutunci, ba za ka bar su ana tsakiyar neman kofi ba, sai abin da aka faɗa a kanka ya zama gaskiya. Ranar wasan ka tsaya musu da kyau. Ina son Guguwa har gobe, kuma zan yi kuka in an ci mu, amma kada ka bar ko ɗaya ta shiga.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Zaliha.