Jujin Baffa Mati

Tsamiyar Kudu, Minjibir
9 ga Afrilu

Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Ki gaida duk mutanen unguwarmu na Jidda.

Wata huɗu ke nan da aka kama ni ba iƙama, wato takardar izinin zama, aka sa ni a jirgi, wai an mayar da ni ƙasata. Ƙasar da ban taɓa takawa ba sai ranar! Na koyi jan guga, na koyi girki da kara, na haƙura da yara suna kwaikwayon Hausata. Ban taɓa kawo miki ƙara ba. Yau kam zan kawo.

A gidan Baffa Mati, yayan marigayi Abba, akwai tulin shara a bayan turken awaki, ya kai ƙirjina: toka, kashin awaki, na kaji, ƙaiƙayi, duk abin da tsintsiya ta kwaso shekara guda. A Jidda da tuni hukuma ta ci mu tara. Da Baffa da Inna Maimunat suka tafi ta'aziyya Kunci kwana uku, na ce ga damar da zan kyauta musu. Na roƙi maƙwabcinmu Sabo mai amalanken shanu ya kwashe. Ya ce, "Ke kika ce a kwashe?" Na ce ni. Ya ce don Allah zai yi, ba sai na biya ba. Sawu goma sha ɗaya ya yi. Har turaren da kika ba ni na ba shi.

Na share wurin tas, na yayyafa ruwa, na zauna jiran sa albarka. Umma, Baffa ya shigo ya dafe kai kamar an yi masa sabuwar rasuwa. Tun ranar bai amsa gaisuwata ba. Don na share gida! Inna ta ce yana maganar a nema mini wani wuri. Ina zan je? Can sun ce ba ƙasata ba ce, nan ma za a ce ba gidana ba ne?

'Yarki,
Ramlat

*

Tsamiyar Kudu
12 ga Afrilu

Zuwa ga Hajiya Barira,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kina lafiya. Allah ya jiƙan ɗan'uwana Muhammad Auwal, ya kyauta makwancinsa.

Hajiya, 'yarki ta kashe mini damina tun ba a yi ruwan fari ba. Ke a garin nan aka haife ki, kin san juji. Gonarmu yashi ce, tun kakanni ba ta huta ko shekara ɗaya ba, takin nan ne ke riƙe da ita. Baki goma sha biyu ke ci daga gonar, har da nata. Takin zamani kuwa bana sai mai hali.

Shekara guda muna tarawa, ta ba Sabo kyauta, har da turare! Yanzu yana can tsibi-tsibi a gonarsa, ina wucewa ina kallo. Ba zan iya zuwa in ce ya dawo da shi ba. Maƙwabcina ne na shekara arba'in, kuma ba sata ya yi ba, ba shi aka yi. Ni aka mayar abin dariya a majalisa.

Shekara ashirin da biyar kina tarbiyyar yarinya, ba ki taɓa gaya mata da me uban da ya haife ta ya girma ba? Idan kina da dangin da za su riƙe ta a birni, ki faɗa.

Wassalam,
Mati

*

Jidda
14 ga Afrilu

Ramlat,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, zuciya ce ba sauƙi.

Baffanki ya rubuto mini, kuma a abu ɗaya ya yi gaskiya. Abin da kika bayar ba shara ba ce, abincin gidan ne na baɗi. Ni kaina na ɗauki takin nan a ka zuwa gona ina budurwa. Ban gaya miki ba don ina jin kunyar ƙawayenki su ji. Kullum sai in ce miki garinmu akwai inuwa da fura mai daɗi, in yi shiru a nan. Laifina ne.

Amma shi fa? An kawo masa marainiya daga filin jirgi da jaka ɗaya, wata huɗu bai zaunar da ita ya ce ga yadda muke rayuwa ba, sai yanzu bakinsa ya buɗe? Shi kuma Sabo, mara kunya, tare muka yi wasan ƙasa, ya san abin da ya ɗauka sarai.

Na yi magana da wata Hajiya Aina'u a Kano, tana neman mai aikin gida. Ga lambarta a ƙasa. Ki haɗa kayanki, kada ki tsaya sai an kore ki.

Allah ya yi miki albarka.
Ummanki

*

Tsamiyar Kudu
19 ga Afrilu

Umma,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, na yi kuka, daga baya kukan ya koma fushi.

Ashe duk matan layinmu sun ga amalanken yana kai da kawowa, ba wadda ta leƙo ta ce, "Yarinya, tsaya." Kallo suka yi, su ga yadda 'yar Jidda za ta ƙare.

Ban haɗa kaya ba. Na sa hijabina na tafi ƙofar mai unguwa, maza cike a kan tabarma. Inna ta biyo ni har zaure tana cewa ba a haka a nan. Na ce ai abin da ake yi a nan ba wanda ya koya mini, bari in yi wanda na iya.

Aka kira Sabo. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba ni aka yi. Har tambayarta na yi."

Na ce, "Ka tambaye ni ko na ce a kwashe. Ka tambaye ni ko na san mene ne?"

Ya ce, "Yo ni malaminta ne?"

Mai unguwa ya dube shi ya ce, "Sabo, da Mati yana gida, za ka shigo da amalanke?" Wani tsoho ya fashe da dariya har da tari.

An yanke cewa tunda bai baza takin ba, ya kwashe shi da shanunsa ya kai gonar Baffa. Jiya na tsaya a bakin gona cikin rana ina kallo har sawu na ƙarshe. Ya so ya bar tsibi biyu, na nuna masa su da yatsa.

Kina zaton Baffa ya ji daɗi? Ya ce na tsaya gaban maza na ɗaga murya, na kai maƙwabcinsa ƙara ba da izininsa ba, na zubar masa da girma. Na share gida laifi, na dawo da taki laifi! Har yanzu bai ce in zauna ba, bai ce in tafi ba. Lambar Hajiyar tana nan. Idan ya ce in tafi, zan tafi, amma wallahi sai ya faɗa da bakinsa.

'Yarki,
Ramlat

*

Tsamiyar Kudu
23 ga Afrilu

Hajiya Barira,

Bayan gaisuwa. An ce kin nema wa Ramlat aikatau a Kano. Aikatau! Ina raye, 'yar Muhammad Auwal ta je wanke kwanukan wata? Na ce riƙo a wurin dangi, cikin fushi na faɗa, kuma na janye.

Yarinyar nan ba ta da kunya, ba ta jin magana, ta sa Sabo ya daina yi mini sallama. Bakin ubanta ta ɗauko kaf. Da ta tsaya gaban mai unguwa ina bayan katanga ina ji, sai da na zauna, don na ɗauka shi ne ya dawo.

Na ware mata kunya goma ta shuka a gefen gabas na gonar, wurin da ubanta yake nomawa kafin ya tafi. Ba inda za ta. Faɗanmu kuma ki bar mana, mu za mu yi abinmu.

Wassalam,
Mati