Rasuwar Alhaji Sajo Madadi, Mai Gonar da Ba a Hana Kala

Laraba, 16 ga Oktoba, 2024

Daga ofishin Kakakin Ƙungiyar Manoman Gyaɗa ta Haɗin Gwiwa, Gwarzo da Kabo, zuwa ga iyalan marigayi, da jama'ar Madadi, da sauran al'umma baki ɗaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin alhini mai nauyi, tare da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, wannan ƙungiya ta sami labarin rasuwar dattijon arziki, babban manomi, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Alhaji Sajo Badaruddeen Madadi, wanda Allah Ya karɓi ransa da hantsin ranar Lahadin da ta gabata a wani asibiti a birnin Kano bayan doguwar jinya, aka kuma yi masa sutura a garinsu bayan sallar La'asar, yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya bar maiɗakinsa Hajiya Indo, da 'ya'ya, da jikoki masu yawa.

Mai girma Shugaban ƙungiya, Alhaji Sharfaddeen, ya umarce ni da in rubuta wannan saƙo in kuma ambaci marigayi da cewa jigo ne a cikinmu. Ba zan iya rubuta haka ba tare da na faɗi abin da ke gabansa ba. A ranar Asabar, 12 ga Nuwamba, 2016, wannan ƙungiya ta dakatar da Alhaji Sajo daga cikinta, kuma har aka sa shi a kabarinsa ba a janye dakatarwar ba. Shekara takwas ke nan ina ɗauke da wannan magana a raina, ina tayar da ita a kowane taron shekara, ana ce mini a bari sai an huce. Na shaida wa Shugaba cewa ko dai in rubuta gaskiya, ko a nemi wani ya rubuta. Ya ce in rubuta abin da na ga dama, shi yana da tafiya.

Marigayi ɗan gidan makiyaya ne. Mahaifinsa ne ya fara zama a Madadi, shi kuma da ya kawo ƙarfi ya rage shanun da ya gada, ya sayi gona a bakin hanyar da mutanen ƙauyukan Kabo ke bi in za su ci kasuwa. Lokacin da muka kafa wannan ƙungiya ba mu da ofis ba mu da mota, a amalankensa ake ɗauko irin shuka a kai wa kowa har bakin gonarsa, kuma a zaurensa muka yi tarukanmu na farko, Hajiya Indo tana aiko mana da fura da nono ba tare da wani ya tambaya ba. Manoma da yawa a Gwarzo da Kabo za su tuna cewa duk wanda sansa na huɗa ya mutu ko ya karye a tsakiyar damina, sai dai ya wayi gari ya ga shanun Alhaji Sajo a gonarsa da garmarsu, in ya je godiya kuma a ce masa ai shanun ne suke bukatar motsa jiki.

Amma abin da ya raba shi da wannan ƙungiya shi ne kala. Ga waɗanda suka tashi a birni, kala ita ce tsohuwar al'adar da in manomi ya cire gyaɗarsa ya kwashe, sai ya bar gonar a buɗe, tsofaffin mata da waɗanda mazansu suka rasu su shiga da 'yan fartanyoyinsu su tone abin da ya saura a ƙasa. Ba roƙo ba ne, ba sata ba ce. Mace ta durƙusa tun safe tana tono, abin da ta samu guminta ne, ta kai gida ta soya ta yi ƙuliƙuli da mai, ta ciyar da marayunta ba tare da ta miƙa wa kowa hannu ba.

Kowa a yankin nan ya san babu gonar da ta kai ta Alhaji Sajo albarkar kala, kuma kowa ya ɗauka ya san dalili. Manomin gyaɗa yana cire ta ne tun ƙasa tana da sauran laima, da garma, don 'ya'yan su fito tare da tushensu. Shi kuwa Alhaji Sajo, ɓangaren gonarsa da ke bakin hanya sai ƙasa ta bushe ta ƙeƙashe sannan a shiga, a kuma tuge da hannu, harawa ta fito, rabin gyaɗar ta tsinke ta zauna a ƙasa. Shekara da shekaru manoma suna yi masa dariya a kan wannan. In ya shigo kasuwar Gwarzo sai ka ji an ɗaga murya an ce masa, Fillo, gyaɗa fa ba saniya ba ce da za ka sake ta ta komo gida da kanta. Shi kuma ya yi murmushi ya ce a yi masa haƙuri, har yanzu koyo yake yi, in ya kai shekara ɗari zai iya. Har malamin gona aka taɓa tura masa don ya nuna masa lokacin cira. Ya saurare shi har ƙarshe, ya ba shi zabi biyu, da kaka ta zo ya sake yin yadda ya saba.

A shekarar da aka dakatar da shi gyaɗa ta yi tsada, wasu daga cikinmu suka kawo ƙarar cewa masu kala suna shiga tun ba a gama kwashewa ba, har suna ɗiba daga tari. Ban musa cewa an taɓa yin haka a gona ɗaya ko biyu ba. Sai taro ya yanke cewa daga ranar babu sauran kala a gonar ɗan ƙungiya, a maimakonta kowa ya kawo sadakarsa ga kwamiti, a tara, a raba wa mabukata cikin tsari. Kalmar da aka yi ta maimaitawa ke nan a ranar, tsari. Alhaji Sajo ya miƙe ya ce zai kawo wa kwamiti nasa kason har da ƙari, amma shi ba zai tsaya a bakin gona ya kori tsohuwar da ta isa ta haife shi ba. Aka ce masa gonarsa ce ke jawo matan nan yankin, kuma rashin iya nomansa ne ya saba musu. Ya ce haka ne, ya amsa laifinsa. Aka ce ya bi doka ko ya fita. Ya sa takalminsa, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka kawo ƙarar, ya fita. Da aka zo ƙuri'ar dakatar da shi, mu kaɗan ne muka ƙi ɗaga hannu.

Rabon kwamitin kuwa sau biyu aka yi shi. Na halarta. An jera mata a rana a ƙofar ofishinmu, ana kiran kowace da lasifika, da sunanta da sunan mijinta da ya mutu, ta fito ta karɓi mudu biyu a leda, a ce ta tsaya tukuna a ɗauki hoto, a ce ta ɗaga ledar sama kaɗan, a ce ta yi murmushi. A shekara ta uku aka ce amfanin gona bai yi kyau ba, aka ɗage. Har yau a ɗage yake. Dokar hana kalar ce kaɗai ba a taɓa ɗagewa ba, ta kuma yaɗu har gonakin waɗanda ba 'yan ƙungiya ba, don babu abin da ya fi saurin yaɗuwa a tsakaninmu kamar dalilin hana wani abu. Cikin 'yan shekaru gonar Alhaji Sajo ce kaɗai ta rage a wannan yanki da mace za ta shiga da fartanya ba a daka mata tsawa ba.

Na yi shekara talatin ina koyarwa a makaranta kafin in koma gona, na sha rubuta kalmar tausayi a allo in sa yara su maimaita. Na zaci na san ma'anarta. Abin da na gani a ƙofar ofishinmu ya nuna mini cewa ana iya cika wa mutum hannu a kuma zubar masa da mutunci a lokaci guda, a tashi ana jiran godiya. Yau abin da muke kira taimako ba ya fita sai an tanadi mai ɗaukar hoto. Wanda aka bai wa kuwa, shi ya san abin da ya biya.

A wajen zaman makoki ranar Litinin, Malam Haladu, wanda ya daɗe yana jagorantar 'yan ƙwadagon gonar marigayi, ya faɗi a gaban jama'a abin da marigayi ya hana shi faɗa. Ya ce sauran gonar gaba ɗaya da garma ake cire ta, kan lokaci, babu ƙwaya ɗaya da ke saura, don Alhaji ya fi kowa sanin laimar ƙasa. Ɓangaren bakin hanya ne kawai yake sa a jinkirta da gangan, ya zo da kansa ya murza ƙasar a hannunsa, sai ya tabbata ta bushe sannan ya ce a tuge, da sauri, kada kowa ya waiwaya. Haladu ya ce ya taɓa yi masa ƙorafi cewa wannan aiki yana ɓata masa suna a wajen masu ɗaukar ƙwadago. Alhaji ya ce masa duk wanda ya yi zancen ya ce laifin mai gona ne, ɗan makiyaya ne, bai san gyaɗa ba. Da Haladu ya ce to me zai hana a auna a buhu a kai wa matan gida a huta, sai Alhaji ya ce wadda aka kai wa buhu dole ta durƙusa ta gaishe shi duk inda suka haɗu har ta mutu, wadda ta tono da hannunta kuwa babu wanda ya isa ya ce mata komai.

Na yi shakkar sa wannan a rubuce, don gudun kada in tona abin da marigayi ya rufe, in kunyata matan da ya kare. Abin da ya sa na rubuta shi ne labarin da maiɗakina, Rahama, ta kawo mini daga cikin gidan makokin. Ta ce da zancen Haladu ya shiga wajen mata, sai wata dattijuwa daga wani ƙauyen Kabo, Inna Uwaliya, wadda ta raini jikoki marayu da kalar gonar nan, ta dubi Hajiya Indo ta ce, Hajiya, mu da muka tsufa muna tonon ƙasa, a ce ba mu san gyaɗar da ta tsinke da kanta da wadda aka bar mana ba? Ta ce tun kaka ta biyu suka gane, suka kuma yi shawara a tsakaninsu cewa kada wadda ta kuskura ta yi masa godiya, tunda ba ya so. In sun gamu da shi a hanya sai su ma su tsokane shi, su ce Alhaji bana ma an makara, yaushe za a koyi noman nan? Shi kuma ya ce sai a hankali, Inna. Haka suka yi ta rufa wa juna asiri, shi da su. A duk yankin, mu manyan manoma ne kaɗai ba mu gane ba.

Jiya Talata aka kira taron gaggawa na shugabanni. Na kawo bukatar a janye dakatarwar da aka yi wa marigayi, a kuma soke dokar hana kala tun kakar bana ba ta wuce ba. Aka ce taron na tsara zuwa ta'aziyya ne, da wace mota za a je da kuma wa zai yi magana, sauran batutuwa sai babban taron shekara. Ina sanar da jama'a wannan ne don kada wani ya ga tawagarmu cikin manyan riguna ya zaci an gyara wani abu.

Ga Hajiya Indo, da babban ɗansa Malam Mahbub, da ƙannensa maza da mata, da jikoki, da dangi na Madadi da na rugage, da Malam Haladu da abokan aikinsa, da dukkan matan da suka san hanyar gonar nan, wannan ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta, ko da ba ta cancanci a karɓa daga gare ta ba. Muna roƙon Allah Mai rahama Ya gafarta wa Alhaji Sajo kurakuransa, Ya rufa masa asiri ranar tonon asiri kamar yadda ya rufa wa bayinSa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalansa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya haɗa kansu, Ya albarkaci bayansa, Ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Ina kuma roƙon kada kowa ya ga laifin Malam Mahbub a kan abin da zan rufe da shi. Ɗa ne da mahaifinsa ke kwance a asibiti ba ya iya magana, ana neman magani, shi kuma bai san sirrin bakin hanya ba, don ba a taɓa gaya masa ba. Ya jinginar da gonar da amfanin da ke cikinta, kamar yadda kowane ɗa na kirki zai yi. Wanda ya karɓi jinginar ɗan wannan ƙungiya ne, mai bin dokarta. An cire gyaɗar tun makon da ya wuce, da garma, ƙasa tana da laima, har bakin hanya, aka bi ta sau biyu, aka sa mai gadi.

Gona ɗaya ce ta rage wa masu kala tsakanin Madadi da ƙauyukan Kabo. Bana babu ita.

Malam Ɗanladi Zayyad Kabo
Kakakin Ƙungiyar Manoman Gyaɗa ta Haɗin Gwiwa
Gwarzo da Kabo, Jihar Kano