Ruwa Ya Fito a Sabon Ƙauye

Bwari, 20 ga Disamba, 1991

Lydia amaryata, ruwa ya fito, an haƙa mana burtsatse! Ki yi haƙuri, murna ta sa na manta gaisuwa. Ina gaishe ki, ke da babanki Dominic, da fatan Allah ya bar ku cikin lafiya a Legas.

Kin sani tun da aka tashe mu domin gina sabon babban birnin ƙasa, nan sabon ƙauye ba mu da ruwa sai na kududdufi. Shi ƙaninki James ya sha cikinsa ya ɓaci, babanki ya ce ba zai sake kawo ku ba. Shekara huɗu ke nan ban ga fuskarku ba.

Ashe har da laifina. Kowace shekara ma'aikatan gwamnati sukan zo su tambaye ni da Turanci ko akwai damuwa. Ni kuwa dattijon gari ba na tarbar baƙo da kuka, sai in ce lafiya lau, mun gode Allah. Ina jira su sha ruwa, su huta, sannan a shiga magana. Su kuma sai su rubuta ba damuwa, su shiga mota.

Malama Rosemary, mai koya mana a makarantar yamma, ita ta gano. Ta yi dariya ta ce, "Baba, ofis ba ya gaisuwa. Tambayar farko ita ce ta ƙarshe." Ta koya mini yadda Bature ke faɗin wahalarsa kai tsaye, a layi ɗaya, ba kunya. Sati uku ina gwadawa a allo. Na rubuta takardar neman ruwa da kaina, na kai ofis da ƙafata.

Ranar da famfon ya kawo, na cika kwano na juya in miƙa wa kakarki. Na manta bara muka binne ta. Ita da ta ƙare kafaɗarta wajen ɗauko ruwa, ba ta ɗanɗana ba. Na zauna na shanye ni kaɗai.

An ce gwamnati ma ta kwaso kayanta daga Legas ta taho nan. To, ku me kuke jira? Ki karanta wa babanki wannan sau biyu. Ki gaishe da mamanki Christina da kawunki Andrew. Na wanke randa, na share ɗakinku. Ku zo dukanku ku gani, James ya fara sha.

Ni ne kakanki,
Alexander