Layin Alli a Jikin Ɓauna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya, ya sauƙaƙa maka ciwon bayan da ka ambata, ya kuma sa albarka a aikinka. Mu nan muna nan yadda ka bar mu. Inna ta warke daga tarin da ya dame ta, har ta koma yi wa kowa faɗa a kan barin ƙofa a buɗe, ka kuwa san in Inna ta fara faɗa to lafiya ta samu. Uwar yara lafiya lau, yara suna ta makaranta. Na san tun daga bayan ambulan ka gane wannan rubutun 'yarka ne, ba nawa ba. Kada gabanka ya faɗi, lafiyarta ƙalau. Ni na zaunar da ita ina faɗa tana rubutawa, na kuma sa ta yi mini alkawarin ba za ta gyara mini magana ko ɗaya ba. Dalilin haka shi ne zancen wasiƙar gaba ɗaya, sai ka yi haƙuri in ɗauko maka shi daga tushe.

Ka tuna da za ka tafi ka bar mini amanar Ɓauna, tsohuwar jif ɗin Baba, ka ce in 'yarka ta gama karatun likitan dabbobi in miƙa mata makulli. Na miƙa, kuma wata takwas ke nan tana kutsawa da ita daji wurin makiyaya, ta hanyoyin da ko babur sai ya yi shawara kafin ya bi. Mu yanzu Likita muke kiranta, in kuma ina son tsokana in ce Likitar Awaki. Matsalarta ɗaya ce. Magunguna da allurai a bayan mota take zuba su cikin kwali, a nan ne kuma take ɗora dabbar da ciwo ya yi wa tsanani. Rannan wani maraƙi ya yi harbi ya farfasa mata kwalabe, maganin mako guda ya tsiyaye a ƙasa. Sai ta zo gareji ta roƙe ni in fasa jikin motar ta gefen hagu, bayan tayar baya, in dasa mata akwatin ƙarfe a ciki, mai ƙofa ta waje da makulli, da roba a baki don kada ƙura ko ruwan rafi su shiga. Gefen dama ba zai yiwu ba, nan bututun mai yake. Na yi dariya na ce mata wannan ai aikin wuni ɗaya ne, ta kawo motar da safe ta ɗauka da yamma. Ban taɓa cika bakin da ya fi wannan tsada ba.

Kai ka bar garejin tun kana saurayi, amma na san ba ka manta dokokin Baba ba, Allah ya jiƙansa. Ta farko, wanda ya ja layi shi ke yanka. Ba ka yanka a kan allin wani, wani ba ya yanka a kan naka, don in aiki ya ɓaci a san wuyan da za a kama. Ta biyu ba doka ba ce, hali ne. Baba bai taɓa rufe fuskarsa da gilashi ba in yana walda. Yakan saita sandar, ya runtse ido daidai lokacin da wuta za ta tashi, ya buɗe ya duba, ya sake runtsewa. Cewa yake gilashi na raggaye ne, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Haka na tashi na gani, haka na yi shekara talatin da ɗaya ina yi, har ina alfahari da shi. Baba dai Allah ya ɗauke shi da wuri, bai kai shekarun da zai ga ƙarshen wannan hali ba. Ni ne na kai.

Yaya, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Shekara biyu ke nan idona yana tafiya, ban gaya wa kowa ba, har uwar yara sai kwanan nan ta sani. Da farko wani ɗan duhu ne a tsakiyar abin da nake kallo, kamar an danna yatsa mai maiƙo a kan madubi. Sai in kauda kai kaɗan in kalli abu ta gefe. Da duhun ya faɗaɗa sai na koma aiki da yatsu. Ina shafa ƙarfe in san inda ya lotsa, ina gane mutane da muryarsu da takunsu, in aka kawo aiki mai ƙananan layuka in ce hannuna a cike yake. Hular waldar nan da ka aiko mini shekara shida da suka wuce, mai gilashin da ke yin duhu da kansa, wadda na rubuta maka cewa kullum tana kaina, ƙarya na yi maka. Tana kan kwabar ɗakina a cikin ledarta, ko sau ɗaya ban sa ta ba. Kunya nake ji abokan sana'a su ce ɗan Baba ya tsufa.

Ranar aikin na tashi da sassafe don in sami haske mai kyau. Na auna da tef, na yanka kwali daidai girman akwatin, na manna shi a jikin motar, na zagaye shi da farin alli, na cire. Ka san launin Ɓauna, kore ne mai duhu, to amma wata takwas a daji sun canza ta. Ƙaya ta kakkarce jikinta ko'ina, dogayen layuka farare, wasu a kwance wasu a karkace. Na ɗauki giranda, injin yankan ƙarfe, na yanka sama, na yanka ƙasa, na yanka gaba, duk lafiya. Da na zo gefe na huɗu, wanda ke kusa da ƙofar baya, tartsatsi ya tashi, layin ya ɓace mini. Na ɗan dakata, na karkata kai, na hango fari, na ce ga shi, na danna. Ashe ba allina ba ne, karcen ƙaya ne da ya gangara ta baya. Kunnena ne ya fara gaya mini, don kukan girandar ya sauya daga na fallen ƙarfe zuwa na ƙarfe mai kauri. Kafin in ɗaga hannu ta riga ta ci fiye da rabin ginshiƙin da ke riƙe da rufi da ƙofar baya. Na ji ƙofar ta sauka ta zauna a karkace, daga nan ba ta sake rufuwa ba.

Ba wannan kaɗai ba. Ka tuna facin da Baba ya yi a wajen, shekarar da reshe ya faɗo wa motar, inda ya ɗiga ɗigon walda uku a jere kamar yadda yake yi wa duk aikin da ya gamsu da shi? Shi kaɗai ne aikin hannunsa da ya rage mana wanda na san inda yake. Na raba shi biyu. Ina tsugune ina shafa wurin sai ga mai fentin da ke maƙwabtaka da ni, ya tsaya ya leƙa, ya tambaye ni ko wani sabon salo ne. Da Likita ta zo da yamma ba ta yi maganar mota ba sam. Ta ɗauki alli ta ja layi ɗaya a jikin ƙofa kusa da wani karce, ta ce in nuna mata wanne ne nata. Na nuna, na kuma san ban dace ba tun kafin ta yi magana, don na ji numfashinta ya sauya. Ta ce ita ta saba da marasa lafiyan da ba sa faɗin ciwonsu, saniya ma sai ta faɗi ake sanin ta daɗe tana fama, amma ba ta zaci Baffanta yana cikinsu ba.

Washegari ta kai ni asibitin ido a bayan babur ɗin mai fenti. Ni duk fatana a ce yanar ido ce, a kankare in koma aiki. Likitan ya daɗe yana haska ni, sannan ya ce akwai yana kaɗan amma ba ita ce matsalar ba, can cikin idon ne ya lalace, wurin da ba a kankarewa, ba a kuma sauyawa. Ya ce na hagu kusan an gama da shi, na dama yana biye. Ya ba ni magani ya ce zai iya rage saurin abin, ba zai dawo da komai ba, walda kuwa in manta da ita. Na tambaye shi tsawon lokacin da zan ci gaba da gane fuskar mutane. Ya ce wannan sanin na Allah ne, amma in akwai wanda nake son gani kada in jinkirta. Da na sani ƙeya ce, Yaya, a baya take, ni kuwa yanzu ko abin da ke gabana ba na gani sosai.

Mota dai ba za ta zauna da rami a jiki ba, ga makiyaya suna ta kiran Likita a waya. Sai na haɗiye girman kaina na tsallaka titi wurin Bahago. Ka san shi, wanda ya koyi aiki a hannuna shekara tara, yanzu magidanci ne da nasa garejin. Abin da ya raba mu kuwa gilashi ne, don kullum in ya rufe fuska sai in yi ta masa ba'a a gaban mutane ina cewa wa yake jin kunya, har ya gaji ya tafi. Na shirya jin baƙar magana, amma sai ya ɗauko kayansa ya biyo ni. Ya duba ɓarnar, sannan cikin ladabi ya nemi izini ya goge sauran allina ya ja nasa, tunda shi zai yanka. Dokar Baba ce ya maimaita mini, ba ni da bakin musu. Na aika gida aka sauko da hularka daga kan kwaba, na ɓare ledar da hannuna na miƙa masa. Kwana uku ya yi. Ya tallafe rufin, ya gyara ginshiƙin ya ƙara masa ƙarfe ta ciki, ya dasa akwatin, ni kuma ina riƙe masa ƙarfe kamar ranar da na fara zuwa gareji. Duk sanda zai kunna wuta sai in runtse ido bisa sabo, sai na lura ko na runtse ko na buɗe bambancin ba shi da yawa.

Akwatin ya yi kyau, haka kowa ke faɗa, ni ma na shafa na ji. Ƙofar tana rufuwa da ɗan ƙara mai daɗi, robar ta zauna, Likita ta ratsa rafi da motar ta dawo ta ce ko ɗigo bai shiga ba. Ɗigon Baba biyu suna nan a jikin motar. Na ukun yana kan guntun da na yanke, Bahago ya goge masa kaifi ya ba ni, yana aljihuna. Ni kuwa kullum da safe ina zuwa gareji in buɗe, in zauna a kan benci, in ji ƙarar girandar wasu daga tsallaken titi. Ba na ɓoye maka, zuciyata ta mutu. Ban iya komai ba sai ƙarfe, ban san abin da mutum irina yake yi da wuni ba. Inna ba ta sani ba har yanzu. Jiya ma ta miƙo mini allura da zare ta ce in zura mata tunda ni mai ido ne, na ce bari in fita haske, na zagaya na ba uwar yara. Ban san ranar da wannan dabarar za ta ƙare ba.

Abu biyu nake roƙo a wurinka. Na farko, garejin nan gadonmu ne ni da kai, ina neman yardarka in danƙa wa Bahago makullinsa, don kada kayan aikin Baba su yi tsatsa a hannuna. Na biyu ya fi nauyi. Ka ce sai nan da shekara biyu za ka sami damar zuwa gida. Yaya, ba ni da shekara biyu. Hoton da ka aiko kwanaki, da na ce maka ka yi ƙiba, yara ne suka gaya mini, ni inuwa kawai na gani a tsaye. Ban taɓa ce maka ka bar aikinka saboda ni ba, yanzu ma ba cewa na yi ka bari ba. Ko mako ɗaya ne ka nema ka zo, ka zauna kusa da ni ta gefen dama a cikin haske, in kalle ka da sauran abin da ya rage. Sannan mu shiga wurin Inna tare, don ni kaɗai ba zan iya gaya mata ba.

Ka gaida mini matarka da kyau, ka ce mata 'yarta ta yi mini abin da ɗa ke yi wa uba. Ka gaida yaranka, Sarkin Surutu da Auta, ka ce Baffansu yana sa musu albarka. Inna tana gaishe ka, ta ce ka rage zama a kan kujera. Uwar yara da yara, da mai fenti, da Bahago duk suna gaisuwa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ya sa kuma da wuri.

Sa hannun da ke ƙasa nawa ne, in ka ga ya karkace ka yi haƙuri. 'Yarka ce ta ja mini layi, ta kama yatsana ta ɗora a kai.

Naka har kullum,
Ƙaninka.