Gadon Ƙasar Baba

Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Yaya Legas, yaya aiki, yaya Anti Rabi da yara? Mu nan Doguwa lafiya, ɗalibaina suna ƙoƙari, sai dai sanyi.

Na san kana ganin katifa da bargo sun fi wa tsoho gadon ƙasa. Ba haka ba ne. Itacen da Baba yake hurawa a ramin ƙarƙashin gadon, shi yake gasa masa ƙugu har gari ya waye.

Ranar Juma'a yana masallaci, ƙanenmu Sale ya kawo magina suka rushe gadon, wai kai ka ce a zuba siminti a shimfiɗa katifa. Baba ya dawo ya tarar da ɓaraguzai, ya ce, "Sale, a ina zan ji ɗumi?"

Sale ya yi dariya ya ce, "Baba, kabari ma babu murhu, gara ka fara sabawa." Itacen kuma ya kwashe ya ba mai shayi. Yanzu tari ya kama Baba, da ƙyar yake miƙewa.

Ka sa shi a addu'a, ka gaida yara. In kana ganin na zuzuta, zo ka kwana ɗaya a kan simintin nan.

Ƙanwarka,
Hadiza