Kilo Goma Sha Biyar Tsakanina da Ammar

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Ƙodata ta dace da jikin Ammar. Duk gwajin ya yi kyau. Na fara hamdala ke nan Dakta Serah ta ce in hau sikeli. Ɗari da tara. Ta dubi sikelin, ta dube ni, ta ce ba likitan da zai cire ƙoda a jikin nan sai na sauke kilo goma sha biyar, jinina ma ya ɗan hau, shi ma sai ya sauko. Na ce Dakta, ƙanena ne, shekara biyu yana wankin ƙoda, ku yanka kawai, ni na yarda. Ta ce yardata ba ta narkar da kitse.

Tumbin da ake yaba min a ofis, ana cewa Oga ya samu wuri, yau shi ne ya tare wa Ammar hanya. Na shiga mota na kasa tayarwa. Na daɗe ina kallonsa ya tokare sitiyari.

Alhamis, 9 ga Mayu

Matata Nabilah ta kwashe lemon kwalba da burodi ta raba wa maƙwabta. Abincin yau kabeji da dafaffen ƙwai. Ko zomo aka ba wa sai ya yi ƙorafi.

Juma'a, 10 ga Mayu

Bayan masallaci na je na sanar da Umma. Tun da ciwon Ammar ya tsananta ta baro Kazaure ta tare a gidansa nan Kubwa, layi kaɗan tsakaninsu da gidana. Ba ita na fuskanta ba dai, Ammar na gaya wa tana ji, haka muke. Ni ne ɗan fari. Ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kallon fuskata, tun daga yaye kakata ta ɗauke ni. In tana da magana da ni sai ta dubi na kusa ta ce, ku ce wa wancan. Ammar kuwa auta ne, har yau ita ke yanke masa farce.

Na ɗauka yau kam za ta sa min albarka. Ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ta tashi ta shige kicin.

Na ji zafi, ba sai na ɓoye wa kaina ba. Da furfurata da 'ya'yana, ina nan ina jiran a ce min madalla.

Laraba, 15 ga Mayu

Na daina hawa lif. Ofishinmu a can sama yake, na isa ina haki kamar an biyo ni. Jonah, abokin aikina da muke tebur kusa da juna, ya same ni zaune a matakala. Ya ce, "Oga Abdulbaƙi, injin naka na knocking fa, sai an kai ka wajen makanikan Apo." Da na gaya masa dalili bai sake dariya ba. Ya ce ranar Asabar zai zo mu yi tattaki, kuma duk sanda ya je gida Yangoji zai taho min da yalo da alayyaho daga gonar mamarsa.

Asabar, 18 ga Mayu

Mun yi tattakin. Cinyoyina sun goge, gwiwa na ƙara. Wasu samari suka wuce mu a guje, ɗaya ya ce, Alhaji a hankali. Alhajin ubanka, na ce a zuci.

Talata, 21 ga Mayu

Wani abu ya faru da ban taɓa gani ba. Mai keke ya yi sallama da kula uku, wai daga Umma. Tuwon shinkafa, miyar taushe, man shanu yana yawo a kai. Tun da na yi aure ba ta taɓa aiko min da ko ƙosai ba.

Nabilah ta ce, Abban Juwairiyya, wannan fa ba naka ba ne yanzu. Na ce godiya ce Umma take yi, bakinta ba zai iya ba shi ya sa ta dafa. Na ce loma biyu kawai, don albarka. Na tashi kular ba komai.

Laraba, 29 ga Mayu

Kula tana zuwa kullum. Jiya masa, yau funkaso da miyar ƙashi. In la'asar ta yi Umma ta kira Nabilah a waya, tambayarta ɗaya, wancan ya ci? Nabilah ba ta iya yi wa suruka ƙarya, ni kuma ba na iya mayar da abincin uwata. Da rana ina tauna yalon Jonah kamar akuya, da yamma ina lasar man shanu.

Na ce wa Ammar ya gaya mata likita ya hana ni maiƙo. Ya ce ya gaya mata. Wai ta ce abincin uwa ba ya cutar da ɗa.

Juma'a, 7 ga Yuni

Ɗari da shida. Uku kacal, bayan duk wannan wahala.

Litinin, 17 ga Yuni

Jiya aka yi layya. Na rantse ko hanta ba zan taɓa ba. Da muka je gaisuwar Sallah Umma ta turo kwano gabana da kanta, ba ta aiko kowa ba, har yatsunta suka kusa taɓa gwiwata. Soyayyen nama ne, ta zaɓo min wajen maiƙon. Ta koma gefe ta juya baya, amma na san kunnenta yana kan kwanon.

Ammar yana kwance a doguwar kujera, ruwan da zai sha ma a ƙaramin kofi ake auna masa. Yana kallona ina ci. Ya ma yi min murmushi. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, 25 ga Yuni

Ɗari da takwas. Na koma baya. Dakta Serah ta ce, Malam Abdulbaƙi, in ba ka so ka faɗa, ba dole ba ne. Na ji kamar ta mare ni.

Sannan ta gaya min abin da ban sani ba. Jijiyar hannun Ammar da ake sa allurar wanki ta toshe, an koma ta wuya. Zuciyarsa ta fara gajiya da ruwan da ke taruwa. In aka daɗe, ko na kawo ƙodar ba zai iya ɗaukar aikin ba. Na ce daɗewa kamar yaya? Ta ce kada in bari shekarar nan ta fita.

Ya Allah. Ƙanena zai mutu saboda na kasa rufe bakina.

Alhamis, 4 ga Yuli

Na yi wauta. Wani direban ofis ya ce akwai mai magani a kasuwar Karmo, shayinsa yana zubar da tumbi cikin sati. Na je a ɓoye, har da sa hular sanyi kada a gane ni. Garin ganye ne a leda, ba suna ba komai. Tun shekaranjiya nake zarya banɗaki, yau na miƙe daga sujada na ga duhu, sai ji na yi Jonah yana yayyafa min ruwa a masallacin ofis, shi da bai taɓa shiga ba.

Ya kai ni asibiti. Dakta Serah ba ta ɗaga murya ba, ta dai ce ƙodar da nake son in bayar ita nake ƙonawa. An ƙara min ruwa, an ɗebi jini. Yanzu sai jiran sakamako.

Litinin, 8 ga Yuli

Ƙodar lafiya. Na yi kuka a banɗakin asibiti, na wanke fuska na fito.

Asabar, 20 ga Yuli

Ni na kai Ammar wanki yau. Ƙafafunsa sun kumbura, silifas ma da ƙyar. Ina zaune gefensa injin yana ta juya jininsa, na fara ba shi haƙuri. Na ce laifina ne, zuciyata ce ba ta da ƙarfi, ga Umma kuma da hidimarta, ta rasa yadda za ta gode min sai da man shanu.

Ya ce, Yaya, wai da gaske ba ka gane ba?

Ya ce washegarin da na je da labarin, Umma ta biyo shi nan. Ta tare wata nas a baranda ta tambaye ta, in mutum bai rage ƙibar ba, ba za a yanka shi ba ko? Nas ta ce ba za a yanka ba. A hanyar komawa ta sa aka tsaya ta sayi man shanu.

Na ce ƙarya ne. Ya ce da bakinta ta nemi gafararsa. Ta riƙe ƙafarsa tana kuka, ta ce shi ciwo ya riga ya kama shi, wannan na Allah ne, amma wancan lafiyarsa ƙalau, ba za ta iya gani a kai shi a tsaga ba. Ta ce tun wancan yana jariri ba ta taɓa samun ta riƙe shi yadda take so ba.

Ammar ya ce shi ya yafe mata, kuma ni ma in na fasa ya yafe. Yana faɗa yana gyara bututun wuyansa kamar zancen ƙwallo muke.

Na fita na zauna a mota. Ban san me nake ji ba. Haushi ne, ko me. Wata biyu tana ɗura min kitse tana kallon autanta yana kumbura. Saboda ni. Ni da ko sunana ba ta kamawa.

Lahadi, 21 ga Yuli

Kula ta zo. Dambun nama da alkaki. Na buɗe na shaƙi ƙamshin, na rufe, na ce a kai wa maigadi.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na je da Nabilah, don ban san ta inda zan fara ni kaɗai ba. Umma ta ajiye min tuwo. Na ce bismilla, na jawo murfin na rufe kwanon, na tura shi gefe a hankali. A gidanmu ba a taɓa yin haka ba.

Umma ta tsura wa kwanon ido. Can ta dubi Nabilah ta ce, ki ce masa da hannuna na tuƙa.

Na ce, ki ce mata na sani. Ki ce mata na san komai, na kuma gode. Amma ba zan ci ba sai Ammar ya tashi.

Nabilah ba ta maimaita ko ɗaya ba, kanta na ƙasa. Umma ta ja mayafi ta rufe fuska. Kafaɗunta suna motsi. Na so in matsa kusa, ban san yadda ake yi ba, ita ma na tabbata ba ta sani ba. Muka zauna haka har aka kira la'asar.

Talata, 13 ga Agusta

Ba kula, ba waya. Ɗari da biyu. Acca, wake, zogale, matakala, tattaki. Yunwa ta sa na yi wa 'yata Juwairiyya tsawa a kan ta ci biskit a gabana, yarinya ta yi ta kuka. Na zama wani iri.

Alhamis, 12 ga Satumba

Sikeli ya tsaya a casa'in da takwas, ya ƙi motsi, kamar da gayya. An kwantar da Ammar, numfashi ya gagare shi. Na tsaya bakin gadon ina jin nauyin kowane kilo a jikina. Jonah ya ce mu ƙara da hawan dutsen bayan unguwa, "Small small, Oga, sannu a hankali jikin zai ji magana." Ruwan sama ya dake mu a can sama, ban sauko ba sai da ƙafata ta ƙi ɗaukata.

Wandunana duk sun yi min yawa. A ofis ana ta raɗa wai ciwo nake ɓoyewa. Su yi ta yi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Casa'in da huɗu. Jini ya daidaita. An sallami Ammar tun wancan satin, sun ce zai iya ɗaukar aikin in aka yi da wuri. An sa ranar Talata mai zuwa.

Ya kamata in yi murna. Na yi, ai na yi.

Kafin in fito Dakta Serah ta rufe ƙofa ta ce dole ta sake tambayata ni kaɗai, har yanzu da son raina ne? In na fasa za su ce wa dangi gwaji ne bai yi ba, ba mai ji. Da aka yi min tambayar nan a farko, tun ba a rufe baki ba na amsa. Lokacin ko a jikina, gani nake in ma wani abu ya faru, an dai ceto wanda aka fi so.

Na ce mata e. Na dai ɗan jima kafin in ce, ita ma ta lura, ta yi kamar tana neman biro.

Ba tsoro ba ne. Ina tunanin wanda zai zauna kusa da Umma ne a barandar asibiti ranar, tunda mu biyun duk muna ciki.