Sun Cire Gidana Daga Lissafin Ruwa

Zuwa ga ɗana Lawal,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Hajara da yara? Mu nan garin Babban Mutum sai godiya, ban da gwiwa.

Tun rasuwar babarku nake cewa an manta da ni a garin nan, kuna cewa rigimar tsufa ce. To, masu neman ruwan ƙarƙashin ƙasa sun zo da kwamfuta, sun yanka taswirar ƙasarmu a cikinta kamar gidajen dara. Na leƙa, na ga gurbin gidana baƙi ƙirin. Na ce, "Yaro, nan fa?" Ya ce, "Baba, dutse ne a ƙarƙashi, mun cire shi daga lissafi."

An haƙa burtsatse can bayan kasuwa. Matan da ke bi ta ƙofata zuwa tsohuwar rijiya suna "Baba, ina kwana" duk sun sauya hanya. Sai in wuni ban buɗe baki ba.

Ka gaishe da yara, ku sa ni a addu'a. Amma kai ka yi bokon ruwa: wa ya ba su iznin cire wurin da mutum ke zaune da ransa? Kada ka aiko mini gaisuwa a bakin direba. Amsa nake so.

Mahaifinka,
Idi